Shekarar da Na Kai Babanku Kan Dutse

Akwai wani hoto da dukanku kuka sani: babanku tsaye ba takalmi, hannun riga a naɗe, a bayansa ga wani ƙaton gunki mai ruwan zinariya zaune ya tanƙwashe ƙafafu. Hoton nan ya gama zaga wayoyin unguwarmu ta Bolewa tun kafin mu dawo gida, kuma na san har yau akwai gidajen da ake fito da shi idan hira ta yi daɗi. Wasu sun ce ciwo ne ya taɓa masa hankali. Wasu sun ce Indiyawa ne suka ba shi wani abu ya sha. Wasu kuma sun ce ni ce, da bokona, na ja shi. Na ƙarshen nan ne kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, domin ni ɗin ce na ja shi. Yanzu haka da nake rubutun nan yana zaune a gefena yana cewa in bar mutane da bakinsu. Ba zan bar su ba. Ku 'ya'yana ne, ya kamata ku ji yadda aka yi daga bakin wadda take tsaye a wurin.

Ku ƙananan ba ku san babanku a bayan garke ba sai a labari. A ruga aka haife shi, kuma tun bai kai tsawon ɗan maraƙi ba yake bin garke daga nan har kudancin Adamawa, a dawo da damina. Ko da ya zauna a Potiskum ya zama dillali a kasuwar shanu, bai taɓa yarda da abin hawa ba. Da ƙafa yake zuwa kasuwa, da ƙafa yake dawowa, ya ce mai hawa mota ba ya sanin halin da gari ke ciki. Sai numfashi ya fara yi masa gardama. Ya ɓoye mana, har ranar da ya faɗi a tsakiyar kara, wato kasuwar shanun, shanu suna ratsa shi, mahauta suka ɗauko shi a bayan a-kori-kura. Likitoci suka ce jijiyoyin zuciya ne suka toshe. Daga ranar ya zauna a kujerar nan ta ƙarƙashin darbejiya, damina biyu ta same shi a kanta. Ciwon da gaske ne, amma abin da ya fi ciwon cin sa shi ne tsoro. Mutumin da ya kwana a daji da kuraye ya koma yana lissafi kafin ya tashi zuwa banɗaki.

Da aka yanke shawarar a kai shi Indiya a yi masa tiyata, ni aka zaɓa in raka shi, saboda ɗan Turancin da na tsira da shi daga koyarwa a firamare. A lokacin Hadiza, autarmu, tana ɗauke da cikin fari, kuma an riga an gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa, nan za ta haihu, ni zan yi mata wankan jego. Ranar da za mu tafi ta riƙe mini gefen mayafi a zaure.

"Inna, za ki dawo kafin lokacina ko?"

"Me zai hana? Ko ana ruwan wuta ina nan."

Haka na ce mata, ban ko tsaya tunani ba.

Tiyata ta yi kyau, Alhamdulillahi. Likitan, wani dogo mai furfura a gefen kunne, ya ce zuciyar ta koma kamar ta ɗan shekara arba'in. Amma babanku ya ƙi tashi. Nas-nas su zo da fara'a su kama shi, ya taka sau biyu, ya dafe ƙirji ya koma gado. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka.

"Malama," haka yake kira na, "ke ba ki ga abin da suka yi mini ba. Tsaga ni suka yi. Zare ne fa ya riƙe ta. In na motsa ya tsinke, a ƙasar mutane za ki binne ni?"

A gadon da ke kusa da namu akwai wani ɗan tsoho gajere, fuskarsa duk tamoji, an yi masa irin aikin babanku kwanaki kaɗan kafin namu. Kullum da carbi a hannunsa, bakinsa na motsi. Babanku ya gan shi ya yi murna, ya ce in yi masa sallama, ga ɗan'uwa Musulmi Allah ya haɗa mu da shi. Na yi sallama, tsohon ya haɗa tafukan hannunsa ya yi murmushi. 'Yarsa da ke jinyarsa, wata mai kumatu ja wur mai suna Dolma, ta bayyana mini da Turanci cewa su mabiya addinin Buddha ne, daga can kan tsaunuka, sunan mahaifinta Dorje. Da na fassara wa babanku, ya ce in ja labulen da ke tsakaninmu. Na ja.

Saniya ce ta buɗe labulen. Yayanku Umaru ya turo bidiyon shanun gida don ya faranta wa babansa rai, muna kallo sai wata jar saniya ta yi kuka a cikin wayar. Kafin ta rufe baki labule ya yaye, ga kan Dorje ya leƙo, idanu a waje. Ya miƙo hannu, babanku ya ba shi wayar. Da ya ga ƙahonnin jajayen shanunmu sai ya ware hannuwansa iya tsawonsu, ya kalli babanku yana tambaya da ido, wai da gaske haka suke? Babanku ya ƙara ware masa hannun ya nuna sun ma fi haka. Dorje ya yi wa 'yarsa magana da sauri, ta fito da tata wayar, ta nuna mana wasu baƙaƙen dabbobi masu gashi har ƙasa, tsaye a kan ciyawa, bayansu farin dutse.

Babanku ya daɗe yana kallo. "Malama, tambaye shi. Wannan saniya ce, ko saniya ce ta yafa bargo?"

Daga ranar ba a sake jan labule ba. Su wuni suna hira, shi da Fulatanci, Dorje da nasa yaren, ba mai jin ko kalma ɗaya ta ɗan'uwansa, amma sai ka ji sun tuntsire da dariya tare, kowa ya rungume matashi a ƙirji saboda ɗinki. Bambancinsu ɗaya: Dorje yana tashi ya zaga barandar asibiti safe da yamma, babanku yana kwance yana bin sa da ido.

Da aka zo sallamarmu, likita ya kira ni gefe. Ya ce za mu iya komawa gida, amma in sani, in mutumin nan bai yi tafiya ba, aikinsu ya tashi a banza. Ya ce shi zuciya ya iya gyarawa, bai iya sa wa mutum niyya ba. Dolma tana kusa, ta ji. Da yamma ta same ni ta ce me zai hana mu bi su ƙauyensu mu yi wata guda? Tana da ɗakunan da take saukar da baƙi masu zuwa hawan dutse, akwai sanyi, akwai iska mai kyau, ga kuma shanun. Na koma wurin likita, ya tambayi sunan ƙauyen, ya ce tsayinsa ba zai cutar ba in dai a hankali za a bi, mu dawo ta wurinsa ya duba shi kafin mu hau jirgi.

Na san abin da ke jiran mu a gida. Kujerar darbejiya tana nan. 'Yan dubiya za su cika gidan, kowa da kwanon farfesu, kowa yana cewa, "Sannu Alhaji, kada ka motsa, me kake so a kawo maka?" Da ƙauna za su zaunar da shi har ya mutu. Na kira gida. Umaru ya ce shi bai gane ba, an gama magani sai a tafi yawon buɗe ido? Baffanku Jauro, yayan babanku, ya karɓi wayar ya ce ya ji wai masu bautar gumaka ne, in mayar masa da ƙaninsa tun da sauran mutunci. Duk wannan bai dame ni ba. Wadda ta dame ni ita ce Hadiza.

"Wata guda ne kawai," na ce mata. "A lissafinmu kina da sauran wata biyu."

Abin da ta ce kawai shi ne:

"To, Inna. Allah ya ƙara wa Baba lafiya."

Na san wannan "to" ɗin, ni na haife ta. Duk da haka na yanke. Da na gaya wa babanku, ya tambaye ni abu biyu: ko na yi magana da Hadiza, da kuma ko shanun nan masu bargo a can suke. Na ce e, e. Ya ce to mu je.

Mun yi tafiya a jirgin ƙasa, sannan muka shiga wata ƙaramar mota da ta kama hawa. Ni 'yar Potiskum ce, ƙasar da in ka tsaya a bakin gari kana hango mai zuwa tun yana ɗigo. Ban taɓa sanin ana yanka hanya a jikin dutse kamar yadda ake feraye lemo ba, dama bango, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Na rufe ido na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Direban kuwa waƙa yake bi a rediyo. Da na buɗe ido mun iso. Gidaje ne na katako da dutse, wani a kan wani a jikin tsauni, rufin maƙwabcinka shi ne tsakar gidanka. Ko'ina an ɗaura igiyoyi masu ƙananan ƙyallaye, shuɗi da fari da ja da kore da rawaya, iska na kaɗa su. Dolma ta ce addu'o'insu ne a rubuce a jiki. A lokacin da Potiskum ke tafasa da zafin bazara, mu muna neman bargo na biyu. Rannan ina tsaye a kicin sai ga gajimare ya shigo ta taga, ya ratsa ni ya fita ta ƙofa. Na kira babanku in gaya masa, ya ce in daina ƙarya da girmana.

Abin da ya fara ba shi dariya ta gaske shi ne baƙin. Kullum da safe sai su fito daga gidajen sauka, Turawa da 'yan ƙasashen da ban san sunansu ba, maza da mata, har da tsofaffi, kowa da ƙatuwar jaka a baya da sanduna biyu a hannu, su kama hanyar sama.

"Tambayi yarinyar nan, ina za su?"

Na tambaya. "Ta ce sama za su."

"Me za su ɗauko?"

"Ta ce ba komai. Su gani ne su sauko."

"Daga wata ƙasa suka hau jirgi, suka zo don su yi tafiyar ƙasa? Ba saniya a gabansu, ba kura a bayansu?"

Ya yi dariya har hawaye, yana rungume da matashinsa.

Dolma ta kula da mu kamar ita muka haifa. Ban roƙe ta ba ta ware mana tukunya, ta daina sa nama a girkin gidan gaba ɗaya, muka zauna a kan shinkafa da wake da ganye. Shayinsu da man shanu da gishiri ake yin sa. Ni kurɓa ɗaya na yi na nemi inda zan zubar, babanku kuwa ya ce tun da ya bar ruga bai sha abin da ya tuna masa da innarsa kamar wannan ba, sai da na riƙa tsaya masa a kai saboda likita ya hana shi maiƙo. Suna da wani gasasshen gari da suke cuɗawa da shayin su dunƙula a hannu, ya ce ai wannan fura ce ta ɓata hanya. Sallar farko kuwa sai da muka yi gardama, domin a asibiti a kwance yake yin ta. Ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas yadda ya saba tun yana yaro, na ce masa a nan Makka tana yamma da mu. Ya ce shi bai taɓa jin inda aka yi salla ana kallon faɗuwar rana ba. Sai da na nuna masa a waya ya juya kujerarsa yana gunaguni, domin har lokacin a zaune yake salla, yana nuni da kai.

Kwanakin farko bai wuce baranda ba. Ya naɗe cikin bargo ya zauna. Kowace safiya Dorje ya fito da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kira babanku da sunansa, "Buba!" ya nuna hanya da haɓa. Babanku ya girgiza kai. Dorje ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Na fara cewa a raina na yi wa Hadiza laifi a banza, na canza masa kujera ne kawai.

Wata safiya ina kicin ina koya wa Dolma tuwon shinkafa, na fito da kofin ruwan ɗumi, sai na tarar da bargo a kan kujera, ba mutum. Na duba ɗaki, na duba banɗaki. Na fita ba ko takalmin kirki ina kiran sunansa, sunan da ban taɓa kira a gaban mutane ba. Wata tsohuwa mai saƙa a bakin ƙofa ta nuna mini sama. Na haura, na wuce famfon unguwa, na wuce wani farin gini mai kama da tulu a kife, na sha kwana. Ga shi can shi da Dorje a gindin wata katangar duwatsu, suna cire duwatsun ɗaya bayan ɗaya, wata ƙaramar saniya tana zaga su tana kuka. Ɗan maraƙinta ne ya zame ya faɗa wani lungu tsakanin katanga da gona. Ina isa maraƙin ya fito da tsalle ya kama nono.

"Tun da gari ya waye take kukan ɗa," babanku ya ce mini, yana haki, ransa a ɓace. "Ba kukan yunwa ba ne, kowa ya san wannan. Na gaya wa mutumin nan, bai gane ba, sai na ce bari in nuna masa."

"Alhaji, ka san inda kake?"

Ya waiwaya. Rufin gidan Dolma yana can ƙasa, ƙarami kamar faifai. Ya lallaɓa ya zauna a kan dutse, ya sa hannu cikin riga ya dafa ƙirjinsa, ya saurara.

"Tana nan," ya ce. "Malama, ba ta tsinke ba."

Daga ranar sai dai in ce a dawo haka nan. Dorje ya yanko masa sanda, shi kuwa ya ƙi dogara ta, ya saɓa ta a wuya ya rataye hannuwa irin na makiyaya. Dorje ya gani ya kwaikwaya. Ku yi tunanin tsofaffi biyu, dogo da gajere, ɗaya da hula zanna ɗaya da hular ulu, suna ratsa ƙauye da sanduna a wuya kamar masu shanya hannu, mata suna leƙowa ta taga suna dariya. Ni ina biye da su da magunguna a jaka. Mun ga abubuwa. Akwai wata doguwar katanga da aka jera wasu ganguna na tagulla a jikinta, duk mai wucewa sai ya tura su su juya, wai addu'a ce ke tashi. Akwai duwatsu da aka sassaƙa wa rubutu aka tara su a bakin hanya. Akwai kogon da suka ce wani malaminsu ya zauna a ciki shekaru yana ibada. Dorje yana tura gangunansa, babanku yana jan carbinsa, ba wanda ya taɓa ce wa wani zo ka yi nawa.

Ana cikin haka Umaru ya kira da hantsi. Hadiza ta haihu. Naƙuda ta zo mata da wuri, an kai ta asibiti, mace aka samu, ƙarama amma lafiyayya, uwar ma lafiya. Goggonku Dije ce a wurinta. Na yi hamdala, na ce a ba ni ita. Na ji Umaru yana magana ƙasa-ƙasa, can ya dawo ya ce wai ta yi barci. Na san ba barci take ba. Na zaga bayan gida wurin da ake tara itace na zauna na yi kuka, na murna da na abin da ban san sunansa ba. A nan Dolma ta same ni. Da ta ji, ta shiga gida ta fito da wani farin ƙyalle mai santsi ta rataya mini a wuya, ta ce haka suke yi wa wanda alheri ya sama. Dorje kuwa ya fita ya shelanta wa unguwa. Kafin azahar gidan ya cika da matan da ban sani ba, kowace da farin ƙyalle, har na koma kamar igiyar shanya, aka dafa shinkafa mai zaƙi da busassun 'ya'yan itace. Barka sosai aka yi mini a kan dutsen nan, ba wadda nake jin maganarta.

Da aka watse babanku ya ce, "Gobe zan hau can sama in ga shanun. Daga nan mu tafi gida. Yarinyar nan ba za ta fara ganin kakanta a kujera ba."

Can saman da yake nufi shi ne inda babban wurin ibadarsu yake, inda baƙin nan masu jaka suke zuwa, a bayansa kuma akwai filin da shanun masu gashi ke kiwo. Muka tashi bayan karin kumallo, mu huɗu. Hanyar ta bi ta cikin dogayen itatuwa masu ƙamshi, wasu da jajayen furanni manya kamar kan jariri, sannan ta koma matakala ta dutse. Mu hau kaɗan mu zauna. Baƙi suna wuce mu suna gaisuwa. Wata Baturiya da na tabbata ta girme ni ta wuce mu fiu, babanku ya bi ta da kallo ya miƙe ba shiri, ya ce hutun ya isa. A ƙarshe ni ce nake roƙon a tsaya.

Tun daga nesa muke jin ƙaho mai kauri da ganga. A bakin ƙofa kowa yana cire takalmi, mu ma muka cire, gidan mutane ne. Ciki fili ne shimfiɗe da dutse, malamansu masu jajayen mayafai da askakken kai suna kai da kawo, a tsakiya ga gunkin nan da kuka gani a hoto. Dorje ya je gabansa ya kwanta rub-da-ciki. Babanku ya juya masa baya a hankali ya kalli tsaunuka, kamar yadda mutum ke kawar da kai in maƙwabcinsa yana cikin iyalinsa. Da ya duba inuwa ya ce mini azahar ta yi. Na gaya wa Dolma, ta yi wa wani tsohon malami magana. Ya tafi ya dawo da buta ta ruwan ɗumi, ya kai mu wani dandamali na katako a gefen filin, ya share shi da hannun mayafinsa, ya tambayi ina muke fuskanta. Muka nuna yamma, ya gyaɗa kai, ya koma nesa ya tsaya yana hana baƙi bi ta gabanmu. Babanku ya naɗe hannun riga ya yi alwala, yana miƙewa Dolma ta ɗauki hoton.

Na waiga ina neman abin da zai zauna a kai. Ya ce in bari. Ya tayar da salla a tsaye. Ya yi ruku'u. Ina bayansa, na ga ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa, karo na farko tun ranar da ya faɗi a kara. Ya daɗe a sujadar nan. Abin da ya faru a gaban gunki ke nan, 'ya'yana. Gunkin yana bayanmu. Ni na tura hoton gida da hannuna, kuma wallahi da na tura ban ma lura da shi ba, mijina kawai na gani a tsaye.

Shanun kuwa mun gan su. Muna fita bayan ginin gajimare ya yaye, ga fararen tsaunuka sun tokare sama, ga shanun nan a ƙasa suna kiwo, gashi yana jan ciyawa. Babanku ya yi musu kiran da yake yi wa nasa, ko kunne ba su kaɗa ba. Dorje ya zuba masa gishiri a tafi, sai ga wata ta taho ta lashe. Ya cusa hannu cikin gashinta har gwiwar hannu yana laluba, ya juyo ya ce mini, da gaske, "Saniya ce."

Ranar rabuwa Dorje ya kama kan babanku ya jawo shi ƙasa, ya haɗa goshinsa da nasa. Da muka sauko, likita ya duba babanku ya ce mu tafi, ba ya son sake ganinmu.

Mun iso Potiskum an riga an yi suna. A tasha babanku ya sa aka zuba kaya da ni a a-daidaita, shi ya taho Bolewa da ƙafa, yara suna bin sa. Baffa Jauro yana zaure yana jiran sa da wa'azin da ya tanada, ya fara, babanku ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai salla ya yi, Allah ya gani. Baffa ya yi wata uku ba ya cin abincin gidanmu, kuma har ya rasu bai daina kira na "matar nan" ba.

Ni ɗakin Hadiza na nufa. Tana zaune a bakin gado, Goggo Dije ta gama yi mata wankan yamma, ɗakin yana ƙamshin ganyen darbejiya da kunun kanwa. Ta gaishe ni kamar baƙuwa, ba ta ɗago ba. Na zauna a ƙasa, ban ba ta haƙuri ba, domin haƙurin da zan ba ta yana nufin da-na-sani, ni kuwa ba zan yi mata ƙarya ba. Muna nan zaune sai muka ji sallamarsa a tsakar gida, da ƙarfi, irin ta da. Ya shigo ya sunkuya ya ɗauki jaririyar daga kan gado, ya fita da ita yana zaga gidan, yana yi mata magana da Fulatanci, yana nuna mata turke da rijiya. Hadiza ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sa. Ya zaga ya sake zagawa. Na ga ta sa bakin zane tana share ido.

Ba ta juyo ba ta ce, "Inna, ban huce ba fa."

"Na sani."

"Goggo ruwanta ba ya zafi. Kuma hannunta nauyi."

Na tashi na cire mayafi, na tambaye ta ina aka ajiye babbar tukunyar.